Kira a Bakin Kanal

Shekarar da ɗana na fari ya dawo daga Sakkwato da waya mai tsagaggen gilashi da littafi cike da rubutu, ya ce fim zai yi, ni hankalina ba a kan fim yake ba. Yana ƙauyenmu, Magarya, wurin Inna.

Inna ita ce mahaifiyata. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a sashenta, da awakinta uku da zogalen bayan ɗaki. Ni ina aure cikin Wurno, don haka a cikin 'ya'yanta ni ce ta kusa. Daminar da ta wuce ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwata, na gyara mata, ta dage. A wani gidan wannan ba komai ba ne, tsufa ne. Amma mu mun ga yadda aka yi da yayarta ta Rabah, Allah ya jiƙanta. Ita ma da sunaye ta fara. Za ta dubi mutum, ta buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa, sai ta yi wani ɗan murmushi ta rufe abin. Kafin shekara biyu ta daina gane 'ya'yan cikinta, har tana tambayarsu ko an ba baƙi ruwa.

Yayanmu, babbanmu da ke aiki a Sakkwato, ya kira ni a waya ya ce, "Ke ka kusa, ki sa ido. In kin ga abin ya ƙara, ki hwaɗa min in zaka in ɗauke ta. Ba mu barin ta ita ɗai ga murhu da rijiya."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Sai dai na san Inna. A gidan da babu akuya, babu maƙwabciya mai leƙowa ta kan katanga, ƙofa kullum a kulle, ba za ta yi wata uku da walwalarta ba. Tun daga ranar na zama mai gadin bakin uwata. In na je gaishe ta ba hira nake ji ba, kuskure nake jira. Nakan koma gida in yi istigfari a kan haka, washegari kuma in sake.

A cikin wannan hali yaron ya zo da maganar fim. Aikin ƙarshen karatunsa ne, minti biyar, malaminsu ya ce kowa ya je ya yi da abin da ya samu a gida. Labarin gajere ne: saurayi ne manomin albasa, shi kaɗai uwarsa ta haifa, albasa ta ruɓe masa a ajiya, ya ce ya gaji, kudu zai tafi neman sa'a. Uwar ba ta so. Shi ke nan. Shi da kansa zai fito a saurayin, don abokin da ya yi masa alkawari ya tafi yankan shinkafa Goronyo bai waiwayo ba. Saura uwa.

Ni ya fara tambaya. Na ce masa, "Kai, ka ji ka da wata magana. In tsaya gaban mutane ina kallon ka cikin ido ina ɗana ɗana?" Ban taɓa kiran sunansa ba tun da na haife shi, kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi muka gani. A gida "kai" nake ce masa. Yanzu da garin ya laƙaba masa Darakta sai na samu sauƙi, in yana nesa in ce a kira min Darakta.

Ya tafi wurin kakarsa. Su biyun ba su iya zama minti ɗaya ba tsiya. Ita tana ce masa Ango, shi yana ce mata Amarya.

"Amarya, sarauniyar fim zan maishe ki."

"Ango, wanga kan naka awa ƙwarya anka kihe, shi za a nuna ma duniya? To aje goro. In akwai goro ko bisa jaki kac ce in hau sai in hau."

Uwa ta samu, amma babu mai riƙe waya. Sai ni. Da na gaya wa maigida, ya ce in dai hannuna ne kawai ba fuskata ba, kuma gidan Inna ne da gonar Kawu, in je Allah ya ba da sa'a. Ni kuwa ban gaya wa kowa dalilina ba. Na ga dama ce ta in yi kwana biyu ina kallon Inna, ina jin ko magana tana zama a kanta.

Kayan aikin namu in ka gani sai ka yi dariya. Ƙafa uku ta gwangwala da aka ɗaure da robar tayar keke, a nan waya ke zama. Farantin silba na aurena shi ne fitila, a tare rana da shi a mayar da hasken fuskar mai magana. Ƙaramar wayata mai maɓalli ita ke ɗaukar murya: a sa ta cikin safar jariri saboda iska, a soke ta a ƙugun zanen Inna. Kafin kowace ɗauka sai ya tafa hannu sau ɗaya, wai da wannan tafin zai haɗa murya da hoto daga baya. Babbar wayar ta cika, sai da ya goge hotunan sunan 'yar ƙanwata kaf kafin wuri ya samu, ya ce kar in faɗa mata. Ya koya min in ce "akshin" in na danna, in ce "kat" in an gama. Na gwada sau ɗaya, Inna ta ce wa ya yi atishawa bai gode Allah ba. Daga nan na koma cewa "Bismillah" a farko, "ya isa" a ƙarshe, Darakta ya yi ƙorafi ya gaji ya bar ni.

Ranar farko a tsakar gidan Inna muka yi, da hantsi. Ita ba ta karatun boko, sai ya faɗa mata magana ta maimaita. Ba ta maimaita yadda ya faɗa ba ko sau ɗaya. Inda ya rubuta uwa ta ce tafiyarsa za ta karya mata zuciya, Inna ta ce, "Ka tahi. Wa ya riƙe ka? Sai dai ka ci tuwo tukuna." Ta tura masa kwano ba ta dube shi ba. Ya buɗe baki zai gyara, ya fasa. Zakara ya ɓata mana ɗauka biyu, akuya ta ci gefen littafin. Na koma gida da la'asar ina jin ƙirjina ya ɗan saki. Na ce a raina, mai ruɗewa ba ta yin wannan.

Rana ta biyu ita ce ta ƙarshen labarin, a gonar Kawu, ƙanen Inna. Gonar tana bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan dam, fangalin albasa kore shar har inda ido ya tsaya. Matsalar wurin ƙarar injin ban ruwa. Ko'ina tat-tat-tat, ba ka jin na kusa da kai. Kawu ya ce zai bi maƙwabta ya roƙe su su kashe na ɗan lokaci bayan sallar la'asar, amma mu yi sauri, don albasa ba ta san fim ba. Ya tafi. Ɗaya bayan ɗaya injinan suka yi shiru, har muka fara jin ruwa yana tafiya da kukan tsuntsaye.

Ƙasar wurin ba ta daidaita ba, gwangwalar ta ƙi tsayuwa. Sai na zauna a kan jarka, na kafa gwiwar hannu a gwiwata, na riƙe wayar da hannu biyu. Cajin ya yi ƙasa da rabi. Faranti muka jingina da dutse.

Darakta ya rataya jaka ya ce, "Amarya, nan ba wuya. Zan bi bakin kanal in tahi. In na kai ga giginyar can, ki kira ni. Suna ɗai za ki kira, sau guda, da ƙarhi. Ni kau ba ni waiwayowa. Shi ke nan fim ya ƙare."

Sai ya faɗa mata sunan saurayin. Jiya ba a buƙaci sunan ba, don duk maganar ido da ido ce. Suna ne na kowa, babu unguwar da ba mutum biyar masu shi.

Ya tafa. Na ce Bismillah.

Ina kallo ta gilashin wayar. Inna a gefen dama, mayafinta yana kaɗawa, shi yana ƙanƙancewa a hagu. Ya kai giginya. Ya wuce giginya. Inna ba ta ce komai ba.

Ya dawo yana dariya. "Amarya, kin tsaya kallon ƙeyar angonki kin manta aiki?"

"Rana ta ka kashe min ido," in ji ta.

Muka juya farantin. Ya sake faɗa mata sunan. Ta ce ta ji. Ya tafa, na ce Bismillah, ya kama hanya. Wannan karon na matso da hoton kusa da fuskarta kamar yadda ya koya min, da yatsa biyu. Ya kai giginya. Na ga ta ja numfashi. Na ga leɓenta ya buɗe. Ya tsaya a buɗe, sannan ya rufe, sai ta yi ɗan murmushi.

Na san murmushin nan. A Rabah na gan shi, a fuskar yayarta, ranar da ta dube ni ta rasa ko ni wace ce.

Ban ce ya isa ba. Wayar ta ci gaba da ɗauka. Ina ta innalillahi a zuci. Darakta ya dawo, wannan karon ba dariya. Ya duƙa gabanta yana raba sunan gaɓa-gaɓa kamar mai koya wa ɗan yaye magana, ya ce ta faɗa ya ji. Ta ce ƙishi take ji. Na ba ta ruwa, ta kurɓa kaɗan ta riƙe kofin tana kallon kanal.

Karo na uku ma haka. Ko bakin ba ta buɗe ba.

A kan jarkar nan na gama shirya abin da zan faɗa wa Yaya. A zuci na ga motarsa a ƙofar gida. Na ga an kai awaki kasuwa, an sa kwaɗo a ɗakin da aka haife mu. Abin da ya fi ci min rai, da bakina za a yi. Suna guda, an faɗa mata sau huɗu, tsakanin nan da giginya ya zube. Me kuma nake jira in gani?

Sai ga Kawu yana saɓe da fartanya, yana faɗa tun daga nesa. "Wai har yanzu? Mutane sun ce sun ba ku abin da za su iya. Mi ya hwaru?"

"Kawu, suna guda ta kasa riƙewa," in ji Darakta a hankali, don kar ta ji. Ta ji.

"Wane suna na?"

Ya faɗa.

Kawu ya dubi Inna. Inna ta dubi ruwa. Ya tura hularsa baya ya sosa goshi, ya ce, "Kai Darakta, kai dai anka yi shashasha. Dut sunayen da Allah ya saukar, wanga ɗai ka gani?" Sannan ya ce da ni, "Taho ki riƙa min wani abu nan."

Babu abin da zan riƙa masa. Ya ja ni bayan injinsa ne kawai, ya rage murya.

"Ke ba ki sani ba? Yayanku na Sakkwato ba shi na ɗan hwari ba. Akwai wani gabanai. Tun ba a yi dam ba, lokacin da sai gulbi ya janye aka shuka. Ni anka aika Rabah in hwaɗi haihuwa, da ƙahwa na tahi. An yi suna, an yanka rago, bai daɗe ba ya koma. To sunanai ke nan."

Na ce, "Kawu, ai wanga ya kusa shekara sittin."

"To mi? Don ya rasu sai ya bar zama na hwari? Innarku ba ta taɓa hwaɗin sunan ga ba, ko da kuskure. Kuma ba ta ce muku ga dalili, hwaɗin dalilin ma ai rashin kunya na."

Na tsaya riƙe da bakin hijabina. Ina yarinya na taɓa jin wata gwaggo ta ce Inna ta yi wata haihuwa kafin Yaya, na ɗauka ko bai zo da rai ba, ban sake tunawa ba. Sai abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Mai injin niƙan unguwarmu sunansa ke nan, amma Inna ba ta taɓa ce masa komai ba sai Mai-inji. Ɗan limamin da ke kawo mata saƙo shi ma haka, ita Na-masallaci take ce masa. Mun ɗauka barkwancinta ne, ita mai laƙaba wa mutane suna. Kuma sunan Yaya, da take kira gatsal tun muna yara, har muna cewa Innarmu 'yar zamani ce, ba ruwanta da kunyar ɗan fari. Ashe kunyar tana nan, mai ita ne ba mu sani ba. Ni da ba na iya kiran nawa ɗan, ni ce na zauna da waya a hannu ina auna uwata da sunan nata.

Duk da haka zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Na ce to wannan an gane, gishirin fa? Sunan ƙanwata fa?

Na koma na ce da Darakta, "Kai, sake ma yaron ga suna."

"Mamma, ba ya sakuwa. Shi na sunan fim ɗin, na riga na miƙa ma malam a rubuce."

Ina neman yadda zan yi masa bayani ba tare da na tona Inna a gaban jikanta ba, sai ita ta ajiye kofin.

"Ango, zaka nan. Jiya kac ce min yaron ga shi ɗai uwatai ta haihwa. Ko ba haka kac ce ba?"

"Haka na."

"To shi na na hwari ke nan. Wace uwa ka tsayawa bakin hanya ta kwaɗa ma ɗan hwari kira da suna, manoma na ji? Uwarka ga ta nan zaune, ka taɓa jin ta yi? Kai dai ka yi boko ka manta gida."

Ba ta bar shi ya numfasa ba.

"Kuma tun ɗazu nika kallon ka. Jiya da ka hita gida, bayan ka ce min 'Inna na gaji da noman da ba riba', ni kau na ce ka ci tuwo tukuna, ka ce ba ka jin yunwa, ka ɗauki jakka, ga kahwaɗar hagu ka rataya ta. Yau ga ta ga dama. Hular ma ba wagga ba ta, ta jiya mai baƙin zare ta. Mutum ya hita gida da hula guda, kahin ya kai gona ta sake? Aljani na?"

Ya karɓi wayar daga hannuna da sauri, ya nemo ɗaukar jiya. Muka haɗa kai ni da shi da Kawu a kan tsagaggen gilashin. Jaka a hagu. Hula mai baƙin zare. Maganar kuma kalma bayan kalma yadda ta faɗa, har da tasa.

Kawu ya fashe da dariya har yana dafa fartanya. "Darakta, ba ta littahin, kai ka riƙa faranti!"

Ni ban yi dariya ba. Na koma kan jarka na zauna. Alhamdu lillahi kawai nake iya faɗa, ina maimaitawa, ido ya cika. Darakta ya ɗauka don hular ne, ya ce, "Mamma, ba komai, sai in cire ta in sa aljihu, a ce zahi ya ishe shi."

Can nesa wani injin ya yi tari ya mutu, alamar haƙurin mutane ya kusa ƙarewa. Cajin ya koma ja. Rana ta sauko kan giginya. Darakta ya mayar da jaka hagu, ya cusa hula a aljihu.

"To Amarya, mi za ki ce?"

"Kai dai tahi. Ba ruwanka."

Kawu ya ɗauki faranti. Na share ido da bayan hannu, na kafa gwiwar hannu. Tafi ɗaya. Bismillah.

Ya kama bakin kanal, ruwa na gefensa yana ɗaukar jan rana. Inna ta tsaya ba motsi. Ya kai giginya. Ta bar shi ya wuce da taki biyu, uku, har na fara jin tsoro kuma. Sai ta ɗaga murya.

"Kai!"

Sannan a hankali, da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba, kamar ba da mai tafiyar take ba:

"Kai wanga."

A rubuce, saurayin ba ya waiwayowa. Darakta ya tsaya cak, ya juyo. Daga baya ya ce min shi ma bai san ya juyo ba, ƙafarsa ce ta yi. Suka tsaya suna kallon juna daga nesa, ita da shi, ruwa yana wucewa. Na ƙirga numfashi biyar na ce ya isa. Ban gama rufe baki ba injin maƙwabci ya tashi, na gaba ya amsa, fadama ta koma yadda take. Wayar ta mutu muna cikin duba ko ya ɗauku. Sai da aka kai ta wurin mai caji muka tabbatar yana nan.

A hanyar komawa Kawu da Darakta suka yi gaba da kaya, suna gardamar ko a bar juyowar ko a yanke. Ni da Inna muna baya, ina riƙe da farantin, tana taka a hankali.

"Kawunku bakinai bai da murhi," in ji ta.

Na ce, "Bai ce komai ba, Inna."

"Hm." Ta gyara mayafi. Muka ƙara 'yan taki. "Wata biyu da kwana tara ya yi. Shina da gashi, baƙi ƙirin."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni ma ban tambaya ba. Na ce Allah ya sa mai ceto ne, ta ce amin. Da muka shiga gida ta wuce wurin awaki tana yi musu faɗa don sun ture kwanon dusa, ni kuma na ɗebo mana ruwan alwala, an kusa kiran magariba.

Da safe na kira Yaya. Na ce masa ya bar Inna inda take.

"Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Na ba shi labarin jaka da hula, ya yi dariya har yana tari, ya ce to Allah ya ƙara mata lafiya, amma in ci gaba da leƙawa. Sauran labarin ban ba shi ba. Mutum ya haura hamsin yana ɗan fari, ba a bakina zai ji ba.

Ba zan ce tsufa ya fasa zuwa ba. Bayan nan ta sake zuba gishiri sau biyu, ta kuma neme carbinta yana wuyanta. Yanzu babbar 'yar ƙanwata ke kwana wurinta, ni kuma ina zuwa Litinin da Alhamis. Amma na daina zama ina jiran ta yi kuskure. In na je hira muke yi, in ta kira ni da sunan ƙanwata in amsa, ta ce ai duk ita ta haife mu.

Fim ɗin ya wuce, malamin ya ce ƙarshen ne ya fi. An bar juyowar. Ya yi ta yawo a wayoyin mutane cikin Wurno, har wata mata ta tare ni a gidan suna ta ce ita da ta ji kiran nan sai da ta ajiye waya ta shiga ɗaki. Inna ta kalla sau ɗaya, ta ce an fito da ita baƙa, farantin bai yi aikin komai ba, kuma har yau Ango bai cika mata goronta ba.

Akwai wurin da hoton ke ɗan girgiza, daidai inda ta ce "kai wanga". Darakta ya yi ta ƙoƙarin gyarawa a kwamfutar abokinsa bai gyaru ba, ya ce hannuna ne. Hannuna ne. Sunan kuma yana nan a farkon fim ɗin da manyan baƙaƙe, kowa yana karantawa. Ni dai na zo rubuta shi a nan sau biyu, na tsallake.